Takabar Da Na Yi Wa Mai Rai

Da albishir ta shigo mini, abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Ina tsakar gida ina yanka tumatirin shanya, sai ga sallamar wata yarinya doguwa, da gilashi a ido, takalminta duk ya kwashi laka don motarsu ta kasa shiga lungunmu. Ta ce sunanta Tahira, lauya ce, daga Rijiyar Zaki take. Ta tambaya ko ni ce Barira matar Ja'afaru.

Na ce ni ce Barira dai, amma matar Nababa. Ja'afaru kuwa Allah ya ji ƙansa.

Ko ba ta ji ni ba ne, ko murna ce ta toshe mata kunne, oho. Ta durƙusa a bakin tabarma tana ta fara'a, ta ce, "Inna, albishirinki."

Baki da abin da ya saba. Na ce, "Goro."

"Malam Ja'afaru yana nan da ransa. Kuma an janye hukuncin, ba za a kashe shi ba."

Ban yi salati ba, ban yi kuka ba. Tumatirin da ke hannuna na ƙarasa yankawa, na ɗauki wani. Autana yana bayana yana jan zanina, yayyensa biyu suna makaranta, ubansu yana bakin dam wajen aiki. Ita kuma yarinyar nan ta zuba mini ido tana jiran in tashi in yi guɗa.

Ja'afaru mijina ne na fari. Yana da fili a Watari, yana noman rani, albasa da tumatir. Wanda bai san wurin ba zai ga ruwa shimfiɗe ya ce ai kowa ya wadata, alhali rabo ake yi, kowa da ranar da ake buɗe masa. Wata shekara maƙwabcin filinsa ya tare hanyar ruwan da ƙasa ya juya shi nasa wajen, a ranar Ja'afaru, ga albasa ta fara kwanciya. Aka yi cacar baki. Shebur yana hannun Ja'afaru, shi kuma dama zuciyarsa a kusa take. Bugu ɗaya ya yi. Ba wanke shi zan yi ba, mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, kuma na ga matar ranar da aka shigo mata da gawa. Aka yi ta shari'a a birni, daga ƙarshe alƙali ya ce a rataye shi.

Bayan 'yan watanni wansa, Yaya Abdussalam, ya ɗauki garin kwaki da sukari ya tafi gidan yari dubo shi. Da la'asar sai ga shi ya dawo da ƙullin kayansa yadda ya tafi da shi. Ya ajiye a zaure ya ce gandurobobi sun ce an kwashe su, su masu hukuncin kisa, an tafi da su can inda igiyar take. Ya ce, "An gama. Sai dai addu'a."

To mu a nan, in alƙali ya ce a kashe, ai an kashe. Wa ya taɓa jin gwamnati ta yi niyyar mugun abu ta fasa? Wani dattijo ya ce ai ba sa ba da gawar wanda suka rataye, su suke binne kayansu. Kowa ya gyaɗa kai. Kuma gaskiya ba wanda yake son ya je birni ya tsaya gaban masu kaki ya ce shi ɗan'uwan wanda aka rataye ne. Kunya ta yi rabin aikin, tsoro ya ƙarasa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya ce ba zai yi sallah babu gawa ba, amma ya ja addu'a mai tsawo. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ni da hannuna na daka gumbar.

Na shiga takaba. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba leƙa ƙofar gida. Wata huɗu da kwana goma, ban ci kwana ɗaya ba, kuma kukan da na yi na gaske ne, don duk zafin zuciyarsa ni bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Da na fita aka raba gado. Filin Watari ya faɗa hannun Yaya Abdussalam, wai zai riƙe wa 'yarmu Luba rabonta a ciki, ita ma ya ɗauke ta ya riƙe. Ni aka ba ni tumunina, akuya da 'yan dammunan gero, na koma gidanmu.

Nababa mai gyaran injin ban-ruwa ne, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Mutum ne da in ya shigo gida sai ka ji warin baƙin mai kafin ka ji muryarsa, don bai cika magana ba. Mutanen garin nan suna gudun gidanmu kamar rataya cuta ce da ake ɗauka, shi ya zo ya yi sallama da ƙanina ya ce yana so. A gidansa na san aure yana da sanyi. Shekara goma sha wani abu muna tare, 'ya'ya uku, ban taɓa yin yaji ba.

Duk wannan Tahira ba ta sani ba. Ta zauna tana yi mini bayani. Wai ashe wani gidan yarin aka mayar da su, can nesa. Wai ko alƙali ya yanke, ba a rataye mutum sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi, ba mai son ɗaukar alhakin rai. Sai a bar mutum a ɗaki yana jira. Ta ce ƙungiyarsu so take a daina hukuncin kisa gaba ɗaya, ƙasashen duniya da yawa sun haɗu sun sa hannu a kan sun bari, tamu ce ba ta shiga ba tukuna. Su ne suka bi maganar Ja'afaru har aka mayar da ita ɗaurin rai da rai, aka dawo da shi birni.

Ta ce, "Shi ya kwatanta mini garin nan da bakinsa. Ba shi da magana sai maganarki."

Na ce, "To 'yar nan, yanzu ni matar wa ce?"

Sai a lokacin ta dubi yaron da ke bayana da kyau. Ta dubi takalman yara a ƙofar ɗaki, da rigar Nababa a kan igiya. Na ga fara'ar tana sauka daga fuskarta a hankali. Ta cire gilashin ta goge, ta ce ita wallahi ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata. Na yarda da ita. Ban ji haushinta ba a ranar, sai daga baya, kuma ko shi ɗin na san ba nata ba ne.

Da Nababa ya dawo na gaya masa a tsaye, ko ruwa bai sha ba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa. Sannan ya ce, "Bari in ga Malam."

Malam Zaharaddini ne limaminmu yanzu, ɗan wancan da ya ja addu'ar. Bai yi gaggawa ba, sai da ya kwana biyu yana duba littattafai, har Bici ya je ya tambayi na gaba da shi. Ya kira mu zaurensa, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta, ta yi takaba ta yi aure, daga baya ta bayyana yana raye, to tana nan a matar na farko, ko ta haifi goma. Ya ce babu zunubi a kanmu, 'ya'ya kuma na Nababa ne halak malak, kada wanda ya kuskura ya kira su da wani suna. Amma daga yau ba zan ƙara kwana a gidan ba. Hanya ɗaya ce: Ja'afaru ya sake ni, in yi idda, a ɗaura mana sabon aure.

Nababa ya ce, "Malam, mutumin nan fa ba fitowa zai yi ba."

Malam ya ce, "Na sani. Amma igiyar tana hannunsa."

Da rana tsaka na fita daga gidana, mata suna leƙe ta kan katanga. Wadda ta ci gumbar sadakar da bakinta ita ce na ji tana cewa dama ita tun farko ba ta yarda ya mutu ba. Na ɗauki auta, manyan biyu na bar su wajen ubansu saboda makaranta. Na koma gidan ƙanina Ɗan'auta, aka share mini ɗakin da ake ajiye buhunan taki. Mace da furfura ta fara fito mata, ga ni zaune a gidan ƙani, ba bazawara ba, ba mai takaba ba, ba mai yaji ba. Ko masu zuwa yi mini jaje ba su san me za su ce ba, sai dai su ce "ya muka ji da wannan abu."

Na je na sami Yaya Abdussalam. Na same shi yana ɗaure buhunan albasa, albasar filin nan. Na ce, "Yaya, da ka je aka ce an kwashe su, ka tambaya ina aka kai su?"

Ya ce, "Ni abin da aka gaya mini na faɗa."

"An ce maka an kashe shi?"

"Barira, kowa a garin nan haka ya fahimta. Ke ma haka kika fahimta."

Gaskiyarsa ke nan, shi ya sa ta fi ciwo. Na tambaye shi yaushe zai je ya ga ƙaninsa, ya ce sai an kwashe amfani. An kwashe amfanin, an sake shukawa, an kuma kwashewa.

Tahira ce ta kai ni karon farko. Aka caje mu, aka bi da mu wani ɗaki mai benci da ragar waya a tsakani. Da aka shigo da shi ban gane shi ba. Ja'afarun da na sani ƙato ne, in ya ɗauki dami biyu ba ya nishi. Wannan wani tsoho ne siriri, kai fari fat, yana ƙanƙance ido kamar hasken ɗakin ya yi masa yawa. Shi kuwa nan take ya gane ni. Ya kama wayar da hannu biyu yana dariya, hawaye na zuba.

Ya ce, "Na san za ki zo. Na gaya musu nisa ne ya hana ki."

Ya tambayi Luba, na ce ta yi aure, tana da goyo. Ya tambayi innarsa, na ce ta rasu. Ya yi mata addu'a. Ya ba ni labarin inda aka ajiye su, yadda duk safiya in suka ji takun takalmi ya yi yawa sai kowa ya yi kalmar shahada, sannan a miƙo musu koko. Ya ce ya haddace Alƙur'ani a ciki, don ba abin yi. Ina jinsa, ina neman ta inda zan fara.

Ban iya lanƙwasa magana ba, haka Allah ya yi ni. Na ce, "Baban Luba, mu a gida an ce mana an kashe ka. Mun yi zaman makoki. Na yi maka takaba. An raba gadonka. Na yi aure, ina da 'ya'ya uku."

Ya saki wayar. Ya zauna a kan bencin. Na zaci zai yi faɗa, irin na da. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "An taru?"

Na ce, "Me?"

"Wajen makokin. Mutane sun zo?"

Na ce sun zo, har daga ƙauyukan gefe. Ya ce wa da wa. Na yi ta lissafa masa, yana gyaɗa kai, in na ambaci wani ya ce, "Allah sarki, har da shi." Ya tambaya ko takabar na cika ta, na ce ban rage komai ba. Ya ce ya gode. Wallahi godiya ya yi mini.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya masa hukuncin da Malam ya yanke, na gaya masa inda nake kwana, na ce yara biyu suna can ba uwa. Na ce kalma ɗaya nake roƙo, don Allah don Annabi.

Ya ce, "Maganar tana da nauyi, Barira. Yau na ji ta. Ki bar ni in yi tunani, ki dawo."

Na ga ya yi gaskiya. Mutumin da aka gaya wa an yi sadakar arba'in ɗinsa ai a ba shi lokaci ya numfasa. Na dawo wata na gaba, ni kaɗai, Nababa ya kai ni tasha a bayan mashin ɗinsa. Na tarar da Ja'afaru ya yi aski, ya wanke rigarsa. Ya tambayi damina, ya tambayi farashin taki, ya tambayi ko kukar nan ta bakin kasuwa tana nan. Da na kawo maganar sai ya ce yana istihara, bai ga komai ba tukuna. Zuwa na uku ya ce ba shi da lafiya, ba a yanke irin wannan magana da zazzaɓi. Na huɗu ya ce in kawo masa hoton jikarsa tukuna.

Tahira ta yi iya yinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta je ta roƙe shi da kanta, ya ce mata ita ta ceci ransa kuma ya gode, amma wannan maganar gida ce. Ta kai ni gaban alƙali a nemi raba auren. Alƙali ya ce sai ya ji daga bakin miji. Ranar da aka sa, motar da ke kawo fursunoni ba ta zo ba. Aka ɗaga, ranar ma ba ta zo ba. Aka sake ɗagawa, alƙalin ya tafi hutu. Tana fita daga kotun ta ce mini, "Inna, ki yi haƙuri, ni ban san haka za ta zama ba." Na ce mata ta daina ba ni haƙuri, rai ta ceta, ba laifi ta yi ba. Amma a cikina cewa nake, ku da kuka zauna a manyan ƙasashe kuka ce a daina kisa, madalla, sai dai da kun turo wani ya zo ƙauye ya gaya mana an daina.

Akwai ranar da ina kwance a ɗakin takin nan, auta yana tambayata yaushe za mu koma gida, na ji bakina ya ce da ma gwamnan ya sa hannun. Na yi istigfari har na gaji. Amma na faɗa, kuma a lokacin da na faɗa har zuciyata nake nufi.

Nababa ya daina kai ni tasha. Ba laifinsa ba ne, Malam ne ya ja masa kunne cewa matar wani ce, bai dace a riƙa ganinsu a kan mashin ɗaya ba. Cefane dai bai fasa aikowa ba. Sai kuma yayarsa ta fara zarya, tana cewa yara sun rame, gida ba mace ya zama kango. Ɗan'auta ne ya gaya mini sun tsayar da magana: in aka yi babbar sallah ba a ji komai ba, za a nema masa wata. Ba kishi nake ba, na wuce nan. Amma na san mutumin da aka share wa ɗaki aka tuƙa masa tuwo, a hankali yake daina jira.

Saboda haka zuwan da na yi kafin sallah ban zauna a bencin ba. Ja'afaru ya fara tambayar ko an fara sayen raguna, na katse shi. Na gaya masa Malam ya hana ni hawa mashin ɗin Nababa, na gaya masa maganar auren da aka tsayar da ranar da aka sa. Na ce, "Ka kashe mutum saboda an tare maka ruwa kwana ɗaya. Ni yau wata nawa ka tare ni? Me na yi maka? Na yi maka kuka, na yi maka takaba, na yi maka sadaka. Abin da ake yi wa miji duk na yi maka. Me ya rage kake so?"

Ganduroban da ke tsaye ya juyo, Ja'afaru ya ɗaga masa hannu alamar ba komai. Ya matso kusa da wayar. Muryarsa ƙasa ƙasa, babu faɗa a cikinta.

Ya ce, "Tun da aka dawo da ni garin nan, wa ya zo? Yaya bai zo ba. Luba ba ta zo ba, mijinta ya hana. Lauya ta gama aikinta, tana da wasu. Ke kaɗai ce ake kiran sunana a ce ina da baƙo. In na sake ki, wa zai zo?"

Na ce, "Zan zo. Na rantse zan riƙa zuwa."

Ya girgiza kai. "Matar wani ba ta zuwa gidan yari gaida ƙato, kin fi ni sani. Malamin da ya hana ki hawa mashin shi zai hana ki. Da can da kuka bar ni, kun zaci na mutu ne, ban riƙe ku ba. Wannan karon kuna sane za ku bar ni."

Ina tsaye ina kallonsa, ina jin tsanarsa, ina jin tausayinsa, na kasa raba ɗaya da ɗaya.

Ya ce, "Na san zalunci ne, Barira. Kullum sai na ce gobe zan furta sakin. In na gan ki kin shigo sai in kasa."

Aka buga ƙarfe, lokaci ya cika. Ya miƙe a hankali yana dafa bango. Har ya kai ƙofa ya juyo, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ya ce, "Ki dawo bayan sallah. Wataƙila lokacin."